Tamaula a Kan Iyakar Unguwannin Jos

Da hantsi motarmu ta bar Saminaka, ta kama hawan tudun Filato, sanyi yana ratsowa ta taga. Na nufi Jos ne in ga yadda ake ɗinke ɓarakar da rikice-rikicen Satumban 2001, Nuwamban 2008 da Janairun 2010 suka bari. Tun daga nan gari ya rabu: Musulmi sun tattaru a irin su Unguwar Rogo da Gangare, Kirista a Unguwar Rukuba da Tudun Wada. Akwai samarin da ba su taɓa taka unguwar da suke hange daga ƙofar gidansu ba.

Mai keke ya sauke ni a filin wata firamare da ke tsakanin unguwanni biyu, inda yara ke buga ƙwallo. Rabon 'yan wasa ne ya fara jan hankalina. Ba a barin unguwa ta kara da unguwa; koci cakuɗa yaran yake yi, kowace ƙungiya da ɗan masallaci da ɗan coci. A ganina, nan dabarar take. In unguwa ta buga da unguwa, fanareti ɗaya ya isa ya fama tsohon miki. Amma golan da ya dogara da ɗan bayansa dole ya san sunansa, ya ƙwala masa kira, gobe kuma ya nemi lambar wayarsa. Kocin ya shaida mini cewa shawo kan iyaye mata ya fi komai wuya. Gida-gida ya bi, wata uwar ma sai da ya yi mata alkawarin rako ɗanta har ƙofa kafin magariba.

Jos da ma garin ƙwallo ne. Mighty Jets ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United ta ɗauka a 2017, a nan kuma Mikel Obi da Ahmed Musa suka taso.

Ƙwallo ba za ta warware taƙaddamar takardar shaidar ɗan asalin gari ba, wannan aikin hukuma ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, daga aljihunsa kocin yake sayen ƙwallo da ruwan sha, filin ko raga babu. Ranar da ya gaji, ban ga wanda zai karɓe shi ba.