Takardar Haraji Ba Ta San Yaji Ba

Kowace shekara kafin ƙarshen watan Maris, doka ta wajabta wa mai samun kuɗi ya cika takarda ya bayyana wa hukumar haraji abin da ya samu. A cikin tambayoyin akwai wadda jama'a suka saba amsawa ba tare da wani tunani ba, watau ko mutum yana da aure. Ni kuwa bana ita ce ta tsaya mini a wuya. Uwargidana ta yi yaji yau wata bakwai ke nan, tana gidan iyayenta a Lafiya da ƙananan 'ya'yanmu biyu, ni kuma ina nan Jigwada da manyan biyu. Ban sake ta ba, ba ta kai ni gaban alƙali ba, an yi biko har sau biyu abin bai yiwu ba.

Wani abokina da ya yi karatu a Amurka ya ce da a can nake, da amsar nan kuɗi ce tsaba. Ma'auratan can suna da zaɓi, ko su haɗa takardarsu ko kowa ya cika tasa, kuma hukuma tana duba halin da auren yake ciki ran 31 ga Disamba. Wanda ya yi wata shida na ƙarshen shekara ba ya zaune da matarsa, yana kuma riƙe da ɗa, yana iya neman rangwamen mai ɗauke da gida. To, mu nan babu wannan. Miji da mata kowa tasa ta fisshe shi.

Da ma can haraji bai cika leƙa cikin gida ba. Harajin da iyayenmu suka sani, wanda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a jihohin Kano da Kaduna a 1979, kan baligi namiji yake faɗawa, ko matansa huɗu ko gwauro ne. Dokar harajin 1993 ta ɗan waiwayi iyali. Kafin gyaran 2011 akan rage Naira 2,500 saboda kowane ɗa, amma ba a wuce 'ya'ya huɗu. Kuɗin ciyar da tsohuwar mata kuwa ba a lissafa fiye da Naira 300, shi ma sai kotu ce ta raba auren ta kuma yanka kuɗin. Kun ji fa, Naira 300! Mai fama da yaji irina ko wannan bai samu ba.

Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko, ta kuma rage kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayan gida, muddin bai wuce Naira 500,000 ba. Hayan da nake biya ya shiga lissafi. Buhun masara da kuɗin makaranta da nake aikawa Lafiya kowane wata, alhali su ne suka fi cin albashina, babu gurbinsu. A ganina nan dokar ta gaza, domin gidan da ya rabu biyu tukunya biyu yake ɗorawa.

Tun da amsar ba za ta ƙara ko ta rage kwabo ba, wani zai ce me ya hana in rubuta abin da ya zo hannu? Abin da ya hana shi ne malamanmu sun karantar da mu cewa saki yana aukuwa da alƙalami kamar yadda yake aukuwa da baki, in an yi niyya. Na san takardar gwamnati ba takardar saki ba ce, amma hannuna ba zai rubuta cewa ba ni da mata ba alhali igiyoyi uku suna nan, ci da sha da tufafinta kuma suna wuyana. Saboda haka na rubuta mai aure, na sa sunanta, na jera 'ya'ya huɗu.

Wurin adireshinta ne kawai na sa Lafiya, domin can take. Kawuna da limamin unguwarmu sun sa ranar komawa biko na uku bayan Salla.