Kar Ka Tsayar da Wasan

Agogon wasan yana nuna minti na 78, ci ɗaya da ɗaya, ɗan gabana ya riga ya yanke ɗan baya na ƙarshe, sai abokina ya ce, "Ka san fa wata uku ke nan ba na zuwa aiki."

Na ce, "To."

Na danna, ƙwallo ta shiga raga, na miƙe ina ihu ina dukan kafaɗarsa. Shi ma ya yi dariya, ya ce sa'a ce kawai. Muka ƙarasa wasan, muka sake wani, na yi masa sallama wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Sai da na hau babur na kusa gida maganar ta dawo mini, kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Mutumin da muka taso tare ya gaya mini an sallame shi daga aiki, ni kuma na amsa masa da murnar cin ƙwallo.

Mun fara buga gem tun muna 'yan firamare, a wani shago da ke bakin layinmu a Kano. Talabijin biyu, PlayStation 2, benci ɗaya, da ƙaramin janareta mai hayaƙi a ƙofa. Kuɗin tara muke ɓoyewa mu kai. Dokar wurin ɗaya ce, wanda aka ci ya sauka. Hirar wurin kuma ba ta wuce cika baki da tsokana: wane bai iya ba, wane sai ya ɗauki Brazil yake ci, abin bugun nan ya lalace shi ya sa. Ban taɓa jin wanda aka ci ya ce an fi shi iyawa ba, kullum laifin na'ura ne. Haka muka girma, na'urar ta sauya, zolayar tana nan. A lokacin da nake ba da labari, shekarar 2019, shi yana da mata da 'ya'ya biyu, da PlayStation 4 a falo, kuma kowane daren Asabar ina gidansa muna buga PES.

Washegari na kira shi a waya. Na ce, "Mutumina, jiya ka yi wata magana." Ya ce, "Wace magana? A'a, ba komai wallahi, ana lallaɓawa." Na ja, ya toshe. Muka yi sallama kamar baƙi.

Asabar ta zagayo na je da shiri. Muna cikin wasa ya sake ɗauko zancen da kansa, ya ce har yanzu uwargida ba ta sani ba. Nan take na danna na tsayar da wasan, na ajiye abin bugun, na juyo na fuskance shi, don a ganina haka ake nuna wa mutum an ɗauki maganarsa da muhimmanci. Ya kalli allon da ya tsaya cak, ya kalle ni, ya ce, "Malam, ka saki wasa mana." Daga nan bai ƙara cewa uffan a kai ba har na tafi.

Na daɗe ina juya wannan. Abin da na gane shi ne, ba duk da wasan yake magana ba, saboda wasan yake magana. Idonsa a kan allo, nawa a kan allo, babu mai ganin fuskar wani. In muryarsa ta yi rawa, ihun 'yan kallo na cikin talabijin zai rufe. In ya ji ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya yi ihun an yi masa ƙeta, zance ya bi iska. Ni da na tsayar da wasan, na cire masa duk wannan rufin asiri, na mai da falonsa kamar gaban alƙali.

Kuma in an duba, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da haɗiye damuwa, musamman maza. Ka tambayi wanda gidansa ke cin wuta ya ce maka lafiya lau, sai godiya. Dattawan da ke buga dara a gindin bishiya, kansu a ƙasa, yatsu a rami, a nan ake jin wanda zai aurar da 'ya ba shi da ko sisi. Mata kuwa a wajen kitso, ɗaya ta ba ɗaya baya, ake fitar da abin da ba a faɗa ido da ido. Mu namu zamanin ya zo da allo ne kawai.

Sai na sauya yadda nake bugawa. Na daina zaɓar wasan minti biyar, na koma mai tsawo. In na ji ya fara magana, ba na kai hari. Sai in mai da ƙwallo baya, 'yan bayana su yi ta miƙa wa juna, wannan ya ba wancan, wancan ya mai da wa mai tsaron gida. Hannu yana aiki da kansa, kunne yana wurinsa. Tambaya kuma gajera nake yi, ba tare da na waiwaya ba. "To da safe ina kake zuwa?" A haka na ji cewa kullum yana yin wanka ya sa kaya ya fita ƙarfe bakwai da rabi kamar da, ya je ya zauna a shagon wani ɗan'uwansa a Kantin Kwari har la'asar. A haka na ji kuɗin haya ya kusa. Shi ma ya lura da abin da nake yi, don ɗan wasansa sai ya tsaya a tsakiyar fili bai zo ƙwace ba. Babu wanda ya ce wa wani komai. Aka tashi canjaras babu ci, wasan da da a shagon layinmu ne, da yara sun kore mu.

Ba kowane gem ke ba da wannan dama ba. Ƙannena suna buga PUBG da Free Fire a waya, abin sauraro a kunne, baki bai hutawa, amma duk maganar ita ce ga shi can bayanka, zo ka tashe ni, harsashi ya ƙare. Surutu ne mai yawa da babu wurin da mutum zai cusa damuwarsa. Ƙwallo tana da wuraren shan iska: hutun rabin lokaci, sauya 'yan wasa, maimaicin ƙwallon da aka ci, wanda dā nake saurin tsallakewa, yanzu nake bari ya gama.

Ba zan ce ni na warware masa matsala ba. Abin da na iya shi ne na ce masa, ina ƙoƙarin bugun kusurwa, "Ka gaya mata kafin ta ji a bakin wani." Ya ce, "Buga mana, kana ɓata lokaci." Bayan sati biyu ya ce ya gaya mata, wai ta ce ta daɗe da sani, tana jira ne ya faɗa.

Yanzu yana Legas, ya sami wani aikin. PES ma ta sauya suna, tun 2021 ta koma eFootball, kuma a waya muke bugawa, shi can ni nan, da kiran WhatsApp a buɗe a wata wayar. Sabis yana wasa da mu, muryarsa takan iso bayan ƙwallo ta wuce. Daren Asabar da ta gabata, ni ne na ce masa likita ya ce za a yi wa Baba aiki. Shiru ya biyo baya, har na ɗauka kiran ya yanke. Sai na ga ɗan gabansa, da ya riga ya shiga da'irar gidana, ya juya da ƙwallo ya nufi baya.

Ya ce, "Ina jin ka. Yaushe?"