Gora ɗaya, murya ɗaya tak!

Kai! Kai, kai, kai! Tsaya ɗan'uwa, kada ka wuce, sai ka ji wannan.

Daren jiya ne fa. An ɗauke wuta, zafi ya hana barci, ina kwance kan tabarma a tsakar gida ina latse-latsen waya. Sai na faɗa kan wani faifai, Kijombo, na 2019. Mai shi Yasser Tejeda, makaɗin jita ɗan Jamhuriyar Dominikan mazaunin New York. Na ce to, jaz ne, bari ya lallashe ni in yi barci.

Barci? Ina!

Jita na shawagi a sama, tana lanƙwasa tana miƙewa. Amma ƙasa, can ƙasa, ganguna. Masu nauyi. Irin waɗanda ƙirji ke riga kunne ji. Palo suke kiran su, dogaye ne, a tsaye ake kaɗa su. Tsigar jikina ta tashi. Ni ma na tashi zaune.

Na bi sawu. Ashe cikin kaɗe-kaɗen gargajiyar da yake ɗebowa har da wani wai shi gaga. Na nemo gaga. Wayyo Allah!

Jama'a cike da hanya, ƙura na tashi, maza riƙe da guntayen gora suna hurawa. Ka san abin mamakin? Kowace gora murya ɗaya gare ta. Ɗaya! Ɗaya tak! Wannan ya hura, wancan ya amsa, na uku ya faɗa tsakani, kuma kowa na ƙwanƙwasa gorarsa da ɗan kara. Lugude! Wallahi lugude ne, irin na mata uku a turmi ɗaya, sai dai wannan da numfashi ake yin sa. Ka cire mutum ɗaya, waƙar ta yi giɓi.

To ga inda kaina ya ɗaure. Gagan nan a Haiti sunansa rara, gorar kuma baksin. Tsibiri ɗaya ne, Hispaniola, ƙasa biyu: yamma Kiriyol da Faransanci, gabas Sifaniyanci. Masu saran rake 'yan Haiti ne suka tsallako da shi cikin gonaki, suna fita da shi lokacin azumin Kirista har zuwa Ista. A 1937 Trujillo, shugaban Dominikan na lokacin, ya sa aka kashe dubban 'yan Haiti a bakin iyakar ƙasashen biyu. Dubbai! Kiɗan bai koma ba. Yana nan daram.

Kuma ba gefe ɗaya ke bayarwa ba. Konpa, kiɗan rawar Haiti da Nemours Jean-Baptiste ya kafa a 1955, da ɗanɗanon merenge, kiɗan maƙwabtansu 'yan Dominikan, a cikinsa.

Ban tsaya ba. Ina zan tsaya? Na danna Jazz Racine Haïti, na 2014, na Jacques Schwarz-Bart, mai busa saksofon ɗan Guadeloupe. Mawaƙi Erol Josué ya ɗaga murya da waƙoƙin bodu, addinin gargajiyar Haiti, saksofon na bin sa a baya kamar 'yar amshi, can sai ta kufce, ta yi nata gudun, ta dawo ta same shi daidai kan gaɓa. Daidai! Kai!

Sauro na cizo ban ji ba. Wayar ta mutu ana kiran assalatu, ni kuwa ina zaune cikin duhu da bakin kwalba a leɓe, ina hura muryata ɗaya, ina jiran wanda zai amsa.