Me Ake Nema Wurin Ɗan Aji Huɗu?

A kasuwar Kafanchan na ga wata mai sayar da citta ta ajiye mudu, ta zaro littafin ɗanta daga jaka tana bin layuka da yatsa. Turancin ya fi ƙarfinta, amma jan biron malami ba ya buƙatar tafinta. "Babana, karanta mini nan," ta ce, ta kasa kunne. Lissafin rabawa ne ya kayar da yaron, alhali ita tun safe take raba kuɗi da ba da canji a ka, ba tare da ta san darasin ɗaya ne ba. Can a Abuja hukumar NERDC ke tsara manhajar da ta fayyace abin da yaro zai iya a kowane aji, cikin shekaru 9 na karatun da dokar 2004 ta wajabta. Tsari ne mai kyau, sai dai da wuya ya iso tsakar gida. Abin da ke isowa maki ne da matsayi, na nawa ya zo. Sai na tuna 2017, lokacin da gwamnatin Kaduna ta gwada malaman firamare da tambayoyin aji huɗu, kusan 22,000 suka faɗi, gari ya ɗauki surutu. An daɗe ana ja-in-ja kan malamai, iyaye kuwa suna gefe. Ko iyaye nawa aka taɓa zaunar da su, bayan coci ko bayan Juma'a, aka gaya musu da Hausa ko Tyap ko Jju abin da ake so ɗansu ya iya kafin damina ta wuce?