Linzamin Hankali da Zuciyar Matashi

A zangunanmu na Gana, daga Nima har Asawase, muna da sunaye da yawa ga yaron da ya kasa natsuwa: mai kunnen ƙashi, mai rawar kai, malalaci. Magabata ma sun ce ƙuruciya dangin hauka ce. Masana ƙwaƙwalwa suna da bayanin da ya kamata mu ajiye kusa da wannan magana.

A bayan goshin ɗan Adam akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe da linzamin hali. Aikinsa uku ne: riƙe magana a zuci har a yi aiki da ita, danne abin da rai ya so nan take, da sauya dabara idan ta farko ta ƙi. Wannan sashe ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sassan da ke motsa fushi da sha'awa sun riga shi ƙarfi. Shi ya sa matashi ke kama da ingarma da ɗanyen linzami.

Ciwon damuwa, fargaba da rashin barci suna ƙara sassauta wannan linzami. Yarinyar da a da ba ta manta aike, yanzu ta dawo daga kasuwa da rabin saƙo, ko yaron da ya fara kakarewa a haddar da ya daɗe da iyawa, wataƙila nauyi ne a zuciyarsu. Abin kuma yana juyawa: wanda linzaminsa ya raunana yakan kasa raba kansa da tunani mai ɗaci, karatu ya lalace ana dab da jarrabawar BECE, damuwar ta ninku. Ta wannan ƙofa tramadol ke shigo wa wasu samarinmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Gana ta kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, kuma ban da asibitocin Akara, Pantang da Ankaful, akwai ma'aikatan jinya na wannan fanni a asibitocin gundumomi.

Saura abin da ke hannunmu. Yaron da ke tashi asuba, ya je boko, ya wuce makarantar allo, yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, don haka a raba shi da waya da dare. Mu ba shi aike ɗaya bayan ɗaya. Idan halinsa ya sauya na makonni, mu tambaye shi abin da ke damunsa kafin mu ɗauki bulala, mu haɗa addu'a da ganin likita. Allah Ya raya mana su cikin natsuwa.