Tankar yaƙin Maigida da 'yan ƙananan abubuwan da ke kan teburinsa

 Yau da tankar yaƙi zan fara, kuma a gidanmu take, nan Agege a Legas. Kada hankalinku ya tashi, ba ta harbi. Kwaikwayo ce da Maigida yake ƙerawa da hannunsa a wani ɗan ɗaki da ke bayan gida, ana tuƙa ta da rimot kamar motar wasan yara, sai dai ita mutum biyu ke ɗaga ta. Shekara ɗaya da rabi ke nan ana abu ɗaya.

Wadda yake kwaikwayo sunanta Sherman, tankar da Amurka ta ƙera tsakanin 1942 da 1945 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, guda kusan dubu 49. Ta ainihin tsawonta ya kusa mita shida, nauyinta wajen tan 30. Shi kuma yana yin ta a ma'aunin ɗaya bisa shida, wato duk abin da ya auna a zanen ta ainihi sai ya raba shi gida shida, don haka tamu ta kusa mita guda. Nauyi kuwa ba da shida ake raba shi ba, domin tsawo da faɗi da tsayi duk sun ragu. Shida sau shida sau shida 216 ne, in aka raba tan 30 da wannan za a samu kilo 140 ko kusa da haka. Shi ya sa irin waɗanda kamfanin Armortek na Ingila ke sayarwa gunduwa-gunduwa, na ƙarfe zalla, manyansu kan haura kilo ɗari. Kuɗinsu ba na irinmu ba ne. Tamu gangar jikinta katakon filawud ne aka lulluɓe da falankin alminiyom, tana wajen kilo 60.

Ƙafafunta su suka fi cin lokaci. Sarƙar babur ya jera biyu-biyu, ya yanka 'yan ƙarafa ɗaya bayan ɗaya ya liƙa a kai, wata uku yana wannan kaɗai. Injinan lantarki biyu na tsohon keken guragu ke jan ta, ɗaya dama ɗaya hagu, da batir biyu masu bolt 12 da aka haɗa suka ba da 24. Ba ta da sitiyari. In ana so ta yi kwana sai a rage gudun ɓangare ɗaya, in kuwa aka sa ɗaya gaba ɗaya baya sai ta juya a inda take tsaye. Kayan kuma tsinto su yake yi: na mota daga Ladipo, na lantarki daga Alaba, ƙarfe daga Owode Onirin.

Ƙawayena kan tambaye ni yadda nake haƙuri da magidanci ɗan shekara arba'in yana wasan yara. Ni dai ban ɗauke shi wasa ba. Mutumin da a da yake dawowa daga cunkoson Legas ya zauna da waya a hannu har sha biyun dare, yanzu yana da abin da ke kwantar masa da hankali, kuma a cikin gida. Babban ɗanmu mai shekara tara, wanda rabawa ke ba shi wuya a makaranta, a gindin tankar nan ya iya ta, domin shi ke riƙe rula yana raba komai da shida. Maganar kuɗin da ke shiga ciki kuwa, wannan tsakanina da mai abin ne, kuma ba a gama shari'ar ba. Saboda haka in akwai mai irin wannan sha'awa a gidanku, ko mai ƙera jirgi ne ko mai gyaran rediyo, ba na cikin masu cewa a hana shi.

Amma ni famasis ce, kuma idon da nake kallon ɗakin nan da shi daban ne. Duk baƙon da ya ga tankar, abin da yake fara cewa shi ne, kada ta taka yaro. Gaskiya ne za ta iya murƙushe yatsa, shi ya sa aka sa mata makunni babba a baya mai yanke wuta gaba ɗaya, kuma ba a kunna ta auta tana tsakar gida. Sai dai abu mai kilo 60 kowa na ganinsa, kowa na jin ƙararsa. Abubuwan da suka fi tsorata ni duk za su shiga cikin cokalin shayi.

Na farkonsu shi ne batirin nan mai kama da kwabo. Akwai shi a cikin ma'aunin da yake auna kaurin ƙarfe, da ƙaramin sikeli, da 'yan fitilu. Ku ma kuna da shi a makullin mota da rimot da agogo. Wanda aka rubuta wa CR2032 faɗinsa milimita 20 ne, daidai girman da zai maƙale a hanyar abincin yaro ɗan shekara biyu ko uku. Mutane na zaton sai ya fashe yake illa. A'a. Da zarar ya maƙale, danshin wurin ya haɗa wutarsa, sai wani sinadari irin sodar da ake yin sabulu ya fara taruwa yana ƙona nama. Cikin awa biyu ƙunar na iya yin tsanani, kuma tana iya huda hanyar abincin har ta kai ga babbar jijiyar jini. Batirin da ya daina tayar da rimot ma yana da sauran wutar da za ta yi wannan ɓarna. Abin da ya fi muni, alamunsa ba su da bambanci da na mura: yaro ya ƙi abinci, yawu na dalala, tari, ko amai. Uwa sai ta zo kemis neman maganin tari, alhali lokaci na tafiya.

Idan kun ga yaro ya haɗiye shi, ko kuna zargi kawai, asibiti za ku nufa nan take, kuma wanda ke da na'urar ɗaukar hoton ƙirji. Kada a sa shi amai, kada a ba shi abinci. Idan yaron ya wuce shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma abin bai wuce awa 12 da faruwa ba, ana ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma, har sau shida, a kan hanya. Zumar tana lulluɓe batirin ne ta rage ƙunar, ba ta fitar da shi, don haka kada a tsaya nemanta a maƙwabta mota na jira. Jaririn da bai kai shekara ba kuwa ba a ba shi zuma sam.

Kusa da shi akwai 'yan ƙananan maganaɗisu masu ƙarfin tsiya da yake riƙe murafen tankar da su. In yaro ya haɗiyi biyu, sukan jawo juna daga sassan hanji daban-daban su matse naman da ke tsakani har ya huje. Wannan ma aikin asibiti ne, ba na jira a gani a bayan gida ba.

Sai sufagulu. Ku ɗauki 'yar kwalbarsa ku ajiye kusa da ta maganin ɗigawa a ido, ku gani in cikin dare ba wuta za ku bambance su. Mai aikin ƙarfe kuma shi ne mai yawan neman maganin ido, saboda ƙura da hasken walda. Saboda haka maganin ido ba ya shiga ɗakin nan, gulu kuma ba ya fita. In tsautsayi ya auku, a yi ta zuba ruwa mai ɗumi, kada a ɓamɓare fatar ido da ƙarfi, a tafi wurin likitan ido. Haka tinar da ake sirka fenti: masu sayarwa kan zuba ta a robar ruwa ko ta lemo, yaro mai ƙishi kuma bai san bambanci ba. A nan kudu da an ce yaro ya sha guba sai a ɗauko manja, a Arewa madara. Duka biyun suna iya jawo amai, aman kuma shi ne hatsarin, domin tina da kananzir in suka sarƙe suka shiga huhu sun fi illa fiye da zamansu a ciki.

Dalmar da ake liƙa wayoyi ita ce mai aiki a ɓoye. Wadda aka fi samu a kasuwa kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma. Hayaƙin da kuke gani yana tashi na ƙaron da ke cikinta ne, yana iya tayar da asma, amma dalmar kanta ta hannu take bi zuwa baki, ko ta 'yan ɗigon da ke faɗuwa ƙasa mai rarrafe ya tsinta. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Abin da ke teburin Maigida bai kai ko kusa da wannan ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da aka san ba ya illa, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin cutuwa. Ba a cin abinci a ɗakin, ana goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, kuma sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki auta.

Cajin batir da janareta ba sai na tsawaita ba. Ana caji ƙofa a buɗe da mutum a kusa, janareta kuma a waje yake, nesa da taga.

Tsarin da muka yi daga wurin aikina na ɗauko shi. A famasi akwai magungunan da ake kullewa a kabad, a rubuta nawa suka shiga, nawa suka fita. Haka muka yi wa batiran kwabo da maganaɗisu: gwangwani mai murfi a saman kanta, da 'yar takarda a jiki mai nuna adadinsu. In an ciro takwas za a liƙa, aka ga bakwai, aiki ya tsaya har sai an ga na takwas. Tsohon batir kuma ana naɗe shi da salatif kafin ya bar teburin. Duk kwalbar da ke ɗakin akwai sunanta a jiki da manyan baƙaƙe, sakatar ƙofa tana sama inda mai shekara tara ke kaiwa amma mai shekara biyu ba ta kaiwa, kuma dukanmu mun san asibiti mafi kusa da ke ɗaukar hoton ƙirji da dare.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.