Aji Biyu Kai Tsaye

Mai jiran motar Samaru a PZ da ke Zariya ba ya rasa abin karantawa. Jikin katanga da turakun lantarki duk fostoci ne, wata ta ɓare rabi an liƙa sabuwa a kanta, kuma kiransu ɗaya: zo ka yi IJMB, ka faɗa aji biyu na jami'a, ba ruwanka da JAMB. Sukan ƙaru da zarar sakamakon JAMB ya fito, lokacin da hankalin iyaye ya tashi.

Shirin kansa ba na bogi ba ne, ɗan gida ne ma. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ce ke kula da wannan jarrabawa tun shekarun 1970. Darasi uku ɗalibi ke ɗauka ya nutsa cikinsu, irin karatun HSC da ake yi a Kwalejin Barewa kafin zuwan tsarin 6-3-3-4. Yaron da ya yi shi tsakani da Allah yakan shiga jami'a da ƙafar dama.

Sai dai fosta ba ta da wurin faɗin sauran zancen. Fom ɗin shiga aji biyun, wanda ɗalibai ke kira DE, a hannun JAMB ɗin dai ake sayensa, kuma hukumar ta tsananta tantance takardun tun da aka yi ta kama na jabu. Guraben ba su kai na masu shiga aji ɗaya ba, ga masu difloma da NCE a layi guda. A likitanci ko karatun lauya, matsakaicin maki ba ya kai mutum ko bakin ƙofa. Uwa uba, kiredit biyar na WAEC ko NECO, har da Ingilishi, suna nan daram. Yaro ya ci A uku a IJMB, in Ingilishinsa D7 ne, sai haƙuri.

Ni a ganina nan ake tafka asara. Wanda takardarsa ta sakandare ta cika, makin JAMB kawai ya gaza, wannan hanya tasa ce. Wanda ke da giɓi kuwa, gara uban ya fara biya masa kuɗin sake zama jarrabawar ƙarshen shekara, wanda bai kai na IJMB ba. In kuma an nace sai IJMB, a fara tambaya a Samaru ko cibiyar da ta liƙa tallar tana cikin waɗanda jami'a ta amince da su, kafin a kira lambar da ke ƙasan fostar.